Wa Ke Biya, Wa Ke Tura Soja? Tambayoyi da Amsoshi Kan Shawarar Ƙawayen Yaƙi

A majalisar da nake zama bayan la'asar a Birnin Kebbi, rediyo ba ya hutawa. Da, in aka fara labarin taron shugabannin ƙungiyar tsaro ta NATO, sai a rage murya a koma zancen taki da farashin shinkafa. Tun daga daminar 2023 abin ya sauya. Yanzu in aka ce wata ƙasa za ta janye sojojinta daga wata, sai ka ga kowa ya kasa kunne, bayan an gama kuma a juyo kaina da tambayoyi don an san ina bin waɗannan lamurra. Wasu tambayoyin a nan aka yi mini su, wasu an turo su ta WhatsApp daga Kamba da Argungu da Yauri da Zuru. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa.

"Malam, mi ya haɗa mu da wanga zance na Turawa?"

Wani dattijo ne daga Kamba ya jefo mini wannan, kuma na bar ta yadda ya faɗe ta. Na ce masa: Baba, ai kai ka fi ni sanin amsa. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ba da wa'adin mako guda, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke bin layin Birnin Kebbi zuwa Yamai. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana. Duk wannan shawarar ƙawaye ce a kan soja da kuɗi: wa zai ba da mutum nawa, wa zai ɗauki nauyin mai da abinci. Da an tura rundunar nan, ta ƙofar gidajenmu za ta bi. Ba a tura ba, amma motocin kaya sun yi watanni a jere a bakin iyaka, albasa ta ruɓe, 'yan'uwa na Gaya da Doso suka zama sai an bi ta daji kafin a gan su, har zuwa Maris 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren.

Abin da ake yankewa a ɗakin taro mai sanyi, a kasuwar Kamba ake jin zafinsa. Dalilin da ya sa nake son mu gane yadda ake irin wannan zama ke nan, kuma NATO ce wurin da aka fi daɗewa ana yin sa a fili, da lissafi a rubuce.

Idan aka ce ƙawaye "sun tuntuɓi juna", me ake yi takamaimai?

An kafa NATO a 1949 da ƙasashe 12. Yau 32 ne, bayan shigar Finland a 2023 da Sweden a 2024. Kowace ƙasa tana da jakada na dindindin a hedikwatar ƙungiyar da ke Brussels ta Beljiyam, kuma jakadun nan suna zama aƙalla sau ɗaya a mako. Ministocin tsaro da na harkokin waje sukan haɗu wasu lokuta a shekara, shugabannin ƙasa kuma su yi babban taro. Ba a kaɗa ƙuri'a. Magana ba ta wucewa sai kowa ya yarda, ko kuma babu wanda ya ce a'a. Saboda haka Iceland, wadda ba ta da rundunar soja ko ɗaya, tana da ikon tsayar da magana a kan takarda daidai da Amurka.

Sashe biyu na yarjejeniyar kafa NATO ne aka fi ambata. Sashe na 5 ya ce wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka, kuma sau ɗaya tak aka taɓa aiki da shi, bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka. Sashe na 4 shi ne na shawara: duk ƙasar da ta ji tsaronta na cikin haɗari tana iya kiran sauran a zauna. Turkiyya ta yi haka a 2003 lokacin yaƙin Iraƙi, ta sake yi sau da dama kan Siriya. Ƙasashe takwas na gabashin Turai sun yi a Fabrairun 2022 ranar da Rasha ta afka wa Ukraine. Kiran wannan zama ba shelar yaƙi ba ne. Kamar mutum ne ya ga sawun baƙo a bayan dangarsa ya tara maƙwabta tun kafin dare ya yi.

Mafi yawan aikin ma ba a gaban kyamara ake yin sa ba. Kafin shugabanni su iso, ƙananan jami'ai sun yi watanni suna ja-in-ja a kan kalma ɗaya ta sanarwar bayan taro.

Wannan "kashi 2 cikin ɗari" da ake ta faɗa, kuɗi ne da ake zubawa a asusun ƙungiya?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da wasu masu sharhi a rediyo.

Bari in kwatanta da abin da muka sani. A unguwa akan yi karo-karo a biya 'yan banga, kowane gida ya ba da nasa a ƙarshen wata. NATO tana da irin wannan asusu, na biyan ma'aikatan hedikwata da wasu kayan aiki na tarayya, amma ƙarami ne ƙwarai, 'yan biliyoyin yuro kaɗan a shekara, kuma a 2024 Amurka da Jamus kowacce ta biya kusan kashi 16 cikin ɗari nasa. Ba a kansa ake faɗa ba. Wanda ake faɗa a kansa wani alkawari ne daban: a ce mutanen unguwa sun yarda kowa zai gyara katangar gidansa, ya sayi tocila da sanda, ya ware saurayi ɗaya da zai fito in an yi kururuwa. Kuɗin nan ba ka miƙa wa kowa. A gidanka kake kashe shi. Amma in ba ka kashe ba, ranar da ɓarawo ya zo, maƙwabcinka ne zai fito da nasa kayan ya tsare maka gida.

To haka kashi 2 yake. Ana duba jimillar arzikin da ƙasa ta samar a shekara, a ce ta kashe kashi 2 cikin ɗari nasa a kan sojojinta. Ministocin tsaro sun amince da wannan ma'auni a 2006, amma ba wanda ya ɗauke shi da zafi. A 2014, bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya, shugabanni suka zauna a Wales ta Birtaniya suka ce kowa ya nufi kashi 2 cikin shekara goma, kuma kashi 20 cikin ɗari na kasafin tsaron ya tafi ga manyan makamai. A wannan shekarar ƙasashe uku ne kawai suka cika: Amurka da Birtaniya da Girka. Zuwa 2024 ƙungiyar ta ce 23 sun kai.

Ba doka ba ce, babu kotu, babu tara. Abin da ake yi wa wanda bai cika ba shi ne a buga sunansa a jadawali duk shekara kowa ya gani. Kunya ce bulalar, sai kuma tsoron kada babban yaya, wato Amurka, ya yi fushi.

To me ya sa kuma muka ji an koma kashi 5?

A taron birnin Hague na Holan, a Yunin 2025, aka amince da kashi 5 zuwa shekarar 2035. Shugaba Donald Trump ne ya kafe a kan wannan lamba, babban sakataren ƙungiyar Mark Rutte kuma ya nemo dabarar da kowa zai iya haɗiyewa: a raba ta biyu. Kashi 3.5 na soja ne zalla, wato albashi da makamai da atisaye. Kashi 1.5 kuma na abubuwan da ke taimaka wa tsaro ne, kamar tituna da gadojin da tankar yaƙi za ta iya bi, da tashoshin jiragen ruwa, da kare hanyoyin intanet. Firaministan Sifaniya Pedro Sánchez ya fito fili ya ce ƙasarsa za ta cika aikin da aka ɗora mata da kashi 2.1, ba za ta yanke kuɗin jin daɗin jama'a don ta kai 5 ba. Poland kuwa, da take da iyaka da Rasha da Belarus, ta riga ta haura kashi 4 tun kafin a tilasta mata. Nisan gidanka da wuta shi ke nuna saurin da za ka ɗauko guga.

Shin Amurka tana da gaskiya da take cewa Turawa na ci da guminta?

Tana da rabin gaskiya, kuma kukan ya girmi Trump nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1960 Amurka ta matsa wa Jamus ta Yamma ta riƙa sayen makamanta don rage asarar kuɗin da zaman sojojinta a can ke jawo mata. A 1971 Sanata Mike Mansfield ya kawo ƙudurin a rage sojojin Amurka da ke Turai da rabi, daga kusan 300,000; majalisar dattawa ta ƙi da ƙuri'a 61 da 36. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ƙasashen Turai da yawa suka rage kasafin soja suka zuba kuɗin a asibiti da fansho, suna dogaro da cewa Amurka na nan. Shekara da shekaru kusan kashi biyu bisa uku na duk abin da ƙasashen NATO ke kashewa a kan tsaro na Amurka ne. Sai da yaƙin Ukraine ya ɓarke shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, Olaf Scholz, ya ware yuro biliyan 100 na musamman don gyara rundunar ƙasarsa. An fafe gora ranar tafiya.

Ɗaya rabin kuma shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Kasafin Amurka, wanda ya kusa dala tiriliyan ɗaya a 2024, ba na tsare Turai kaɗai ba ne, na jiragen ruwanta ne a tekun Pasifik da sansanoninta a Gabas ta Tsakiya da duk inda take da buƙata. Sansanonin da ke Turai ma ita suke yi wa aiki da farko. Ta Ramstein a Jamus take jigilar mutane da kaya zuwa Gabas ta Tsakiya, sojojinta da suka ji rauni a Iraƙi da Afghanistan asibitin Landstuhl ake kai su, kuma rundunarta mai kula da nahiyar Afirka, wato AFRICOM, a Stuttgart take zaune. Sannan in Turawa suka ƙara kasafi, kaso mai tsoka kamfanonin makaman Amurka yake komawa. Ni dai ban taɓa ganin ƙasar da ta ajiye dubban sojoji a ƙasar wani don sadaka ba.

Me ya sa yawan sojan da aka ajiye a wata ƙasa ke zama abin rigima? Ai dubu ɗaya ko biyu ba za su tare yaƙi ba.

Wani tsohon soja da ke zama da mu ne ya yi wannan tambaya, kuma ta fi duk sauran daɗi a wurina. Gaskiya ne ba za su tare ba. Aikinsu jingina ne. A 2016 NATO ta yanke shawarar ajiye bataliya huɗu, kowacce kusan mutum 1,000, a Estonia da Latvia da Lithuania da Poland, ƙarƙashin jagorancin Birtaniya da Kanada da Jamus da Amurka. Kowa ya san mutum dubu ba za su tsayar da rundunar Rasha ba. Amma wanda duk zai shiga Estonia sai ya zubar da jinin Bature ɗan Ingila, kuma daga nan Birtaniya ba ta da hanyar cewa ba ruwanta. Sarakunanmu na da sun san wannan hikima: in ka ba abokin amana ɗanka ya zauna a gidansa, ka ba shi tabbacin da ya fi rantsuwa.

Shi ya sa janye ko da kaɗan ne ke tayar da hankali. A 2020 Trump ya ba da umarnin kwashe kusan soja 12,000 daga cikin kimanin 36,000 da ke Jamus, yana cewa Jamus ba ta biyan abin da ya kamata. Mutanen Berlin a jarida suka fara jin labarin. Shugabannin jihohin Jamus huɗu da ke da sansanonin suka rubuta wa 'yan majalisar Amurka suna roƙon a hana, domin garuruwa da dama da cinikin sojan suke rayuwa. Joe Biden ya dakatar da shirin a farkon 2021, kuma bayan 2022 yawan sojan Amurka a Turai ya haura zuwa wajen 100,000.

A gabashin Asiya cinikin ya fi fitowa ƙarara, don can kuɗi ake ƙirgawa a hannu. Koriya ta Kudu tana da sojan Amurka 28,500, kuma tun 1991 take biyan wani kaso na ɗawainiyarsu. A 2019 Amurka ta nemi a ninka kuɗin kusan sau biyar, zuwa wajen dala biliyan 5 a shekara. Aka kasa daidaitawa, har dubban 'yan Koriya masu aiki a sansanonin suka zauna gida babu albashi a 2020. A 2021 aka sasanta a kan ƙarin kashi 13.9 cikin ɗari. Japan, mai ɗauke da sama da soja 50,000, ta fara irin wannan biya tun 1978.

Akwai lokacin da babban ƙawa ya yanke hukunci shi kaɗai, sannan ya kira abin shawara?

Afghanistan. Ƙawayen Amurka sun bi ta can saboda sashe na 5, suka yi shekara ashirin, sojojinsu sama da dubu suka mutu. A Fabrairun 2020 Amurka ta sa hannu da Taliban a Doha kan ranar fita, ba tare da ƙawayen suna kan teburin ba, ita kanta gwamnatin Kabul ba ta wurin. A Afrilun 2021 Biden ya tabbatar da fitar, sauran suka bi, domin babu mai iya zama in babu jiragen Amurka da bayanan sirrinta. Abin da ya faru a filin jirgin Kabul a Agusta kowa ya gani. A majalisar dokokin Birtaniya an yi maganganu masu ɗaci a kan haka.

Ƙarami ma yakan yi tutsu in yana da abin dogaro. A 1966 Charles de Gaulle ya fitar da Faransa daga rundunar haɗin gwiwar NATO, ya ce sojan waje su bar ƙasarsa, har hedikwatar ta tashi daga Paris ta koma Beljiyam. Faransa ba ta dawo cikin rundunar ba sai 2009. Ya iya yin haka ne don Faransa ta riga ta mallaki makamin nukiliya nata na kanta.

Mu Kabawa bai kamata wannan ya zama mana baƙon labari ba. Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Azbin a farkon ƙarni na 16, aka ci nasara, sai rabon ganima ya raba su. Kanta ya ga an tauye shi, ya ɓalle, aka turo masa runduna ya kore ta, Kabi ta tsaya da ƙafarta. Ganuwar Surame, birnin Kanta, tana nan ga mai son gani. Rigimar rabon nauyi da rabon riba tsakanin abokan yaƙi ba a Brussels aka fara ta ba.

Me ya haɗa Nijar da Amurka har aka ce sojojinta su fita?

Faransa aka fara sallama. Rundunarta ta Barkhane, wadda ta taɓa haura mutum 5,000 a Sahel, ta bar Mali a Agustan 2022, sojojin Faransa suka bar Burkina Faso a farkon 2023, sannan soja kusan 1,500 da ke Nijar suka gama fita a Disamban 2023. Amurka ta yi zaton za ta tsira. Tana da mutum wajen 1,000 da sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas da ta kashe sama da dala miliyan 100 wajen ginawa. A Maris 2024 ta tura tawaga Yamai, da mataimakiyar sakataren harkokin waje Molly Phee da Janar Michael Langley na AFRICOM, don nuna damuwa kan kusancin sabbin shugabannin da Rasha da Iran. Kwanaki kaɗan bayan tafiyarsu kakakin gwamnatin, Kanar Amadou Abdramane, ya fito talabijin ya soke yarjejeniyar sojan da ke tsakanin Nijar da Amurka. Ya ce tawagar ta zo da raini, tana son ta zaɓa wa Nijar abokai. A Satumban 2024 aka kammala janyewa.

Ba sai mutum ya goyi bayan juyin mulki ba kafin ya ga abin da ya faru a nan. An zo da sunan shawara, mai masauki ya ji umarni. Amma kuma in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka: fitar baƙin bai kawo ƙarshen kashe-kashe a Tillaberi ba, kuma giɓin da jiragen leƙen asirin suka bari har yanzu ana jin sa.

Mu a Afirka ta Yamma, in an haɗa runduna wa ke biya?

Najeriya, mafi yawan lokaci, ko kuma Turawa. A ECOMOG, rundunar ECOWAS da ta shiga Laberiya a 1990 da Saliyo daga baya, mafi yawan soja da kuɗi namu ne. Obasanjo ya ce abin ya ci wa ƙasar nan wajen dala biliyan 8. Rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, mai hedikwata a N'Djamena, da aka farfaɗo da ita a 2015 da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, Buhari ne ya yi mata alkawarin dala miliyan 100 don ta tashi. Rundunar G5 Sahel ta ƙasashen Sahel biyar da aka kafa a 2017 da burin soja 5,000 ta rayu ne da jiran alkawuran masu ba da tallafi, kuɗin na zuwa a makare, har Mali ta fice a 2022, Nijar da Burkina Faso suka bi a ƙarshen 2023.

An yi ƙoƙarin gyara. ECOWAS tana da harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da aka shigo da su daga wajen yankin, Tarayyar Afirka ta amince da nata na kashi 0.2 a Kigali a 2016, kuma a Disamban 2023 kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2719 da ya buɗe ƙofar biyan har kashi 75 cikin ɗari na wasu ayyukan rundunonin Afirka. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu ya san abin da ke biyo baya. Wanda ke biyan mai shi ke faɗin inda mota za ta nufa.

Najeriya za ta yarda a kafa sansanin sojan waje a ƙasarta?

Tarihi ya nuna abin yana da wuyar haɗiya. A 1960 aka ƙulla yarjejeniyar tsaro da Birtaniya, ɗaliban jami'a da 'yan adawa suka tayar da ƙayar baya, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke ta a Janairun 1962. A Mayun 2024 wasu manyan Arewa suka rubuta wa Shugaba Tinubu wasiƙa kan kada a karɓi sansanonin da aka kora daga Sahel, gwamnati ta ce babu wannan magana. Hanyar da aka fi bi ita ce horo da bayanan sirri da cinikin makamai, kamar jiragen Super Tucano 12 da aka saya daga Amurka kan kusan dala miliyan 500, waɗanda aka ajiye a Kainji, nan kusa da Yauri.

In Najeriya ta kai kashi 2 kamar Turawa, 'yan bindiga za su ƙare?

Wata malamar makaranta daga Zuru ce ta turo wannan. Hajiya, ƙididdigar cibiyar binciken zaman lafiya ta Stockholm ta nuna abin da Najeriya ke kashewa a kan soja a 'yan shekarun nan bai kai kashi 1 cikin ɗari na arzikinta ba, saboda haka akwai wurin ƙari, ga kuma soja a baje a kusan kowace jiha suna aikin da na 'yan sanda ne. Amma lambar kaɗai ba ta nuna ƙarfi. A lissafin NATO har fanshon tsofaffin soja ana sawa. Ƙasa tana iya kai kashi 2 don tattalin arzikinta ya durƙushe, ba don ta sayi ko harsashi ɗaya ba. Girka ta daɗe a sahun gaba, amma yawancin shirinta saboda maƙwabciyarta Turkiyya ne, wadda suke ƙungiya ɗaya.

Abin da mutumin Danko-Wasagu ko Sakaba yake aunawa daban ne. In an kira waya da tsakar dare, minti nawa kafin mota ta iso? Sojan da ke bakin daga ya samu alawus ɗinsa? Motar tana da mai? Ni a ganina, kafin a yi gardamar kashi nawa, a fara da abin da NATO ke yi wanda bai ci ko sisi ba: a buga lissafin kowa ya gani, nawa aka ware, nawa aka saki, me aka saya.

Yanzu Abuja da Yamai suna magana kuwa?

Suna yi, suna dainawa, kuma wannan ce shawarar da ta fi kowacce shafar mu. Iyakar ƙasashen biyu ta kai wajen kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971, ofishinta a Yamai. Lokacin rikicin 2023, da 'yan siyasa suka kasa ganin shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta gan shi, Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ma suka yi ta kai-kawo, sanatocin Arewa kuma suka ce ba su yarda da yaƙi ba. A Agustan 2024 babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai suka yi alkawarin ci gaba da aiki tare.

Sai kuma aka koma baya. A Nuwamban 2024 'yan bindigar Lakurawa suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, kuma hedikwatar tsaro da kanta ta ce sun samu ƙofa ne saboda sintirin haɗin gwiwa ya yi rauni bayan juyin mulki. A Disamba Tiani ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, cikin harshen Hausa ya yi maganar, Abuja ta musanta. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, suka ce za su haɗa rundunarsu ta mutum 5,000, a Maris kuma Nijar ta sanar da barin rundunar Tafkin Chadi. A Afrilu ministan harkokin waje na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai aka sake zama.

Abin da nake nema daga irin waɗannan zama bai kai girman na Hague ba. Kwamandan da ke Kangiwa ko Kamba ya kasance yana da lambar takwaransa na Dogon Dutsi ko Gaya, ya kira ya ce babura talatin sun tsallako sun nufo ku, a ɗauka, a kuma tare su. Dattijon nan na Kamba ya ce mini a da ana yin haka, shi da idonsa ya sha ganin motocin ɓangarorin biyu a jere ranar kasuwa.